Taron Nuni Ya Cika, Kasuwar Ƙarafa Na Watsewa: Nazarin Kasuwar Beaulieu

Maƙwabcina a garin Southampton wani dattijon Bature ne da ya yi ritaya daga aikin tashar jiragen ruwa. Yana da mota ƙirar Singer Gazelle ta farkon shekarun 1960, wadda yake ji da ita fiye da yadda wasu ke ji da 'ya'yansu. Shekara uku ya yi yana neman wani siririn ƙarfe mai sheƙi, tsawonsa bai kai kamu ɗaya ba, wanda ke kwance a jikin motar ta baya, ɓangaren hagu. Ƙarfen ba ya ƙara wa mota gudu, ba ya rage mata shan mai. Amma duk wanda ya tsaya a gefenta idonsa can yake fara sauka, kamar giɓi a bakin amarya. Neman wannan ƙarfe ne ya sa na raka shi Beaulieu wata Asabar a watan Satumba, kuma abin da na gani a can ne ya sa na zauna bin diddigin lamarin.

Beaulieu, wanda mutanen wurin ke kira "Byuli", ƙauye ne a dajin New Forest da ke lardin Hampshire a kudancin Ingila. A 1952 mai gidan sarautar wurin, Lord Montagu, ya jera wasu 'yan tsofaffin motoci a zauren gidansa don tunawa da mahaifinsa, wanda yana cikin masu motar farko a ƙasar. Abu kamar wasa, tarin ya yi ta girma har a 1972 ya zama gidan tarihin motoci na ƙasa. A tsakanin nan, a 1967, lokacin Michael Ware na kula da gidan tarihin, aka buɗe kasuwar kayan tsofaffin motoci a filin gidan. An ɗauko tsarin ne daga irin kasuwannin da ake ci a Amurka, waɗanda babbarsu ita ce ta garin Hershey a jihar Pennsylvania. A Beaulieu aka raɗa mata suna "autojumble", wato hargitsin kayan mota, kuma sunan ya bi duk wata kasuwa irinta a ƙasar. A lokacin da take ganiyarta, rumfuna kusan 2,000 ake kafawa a kwana biyu, mutane na zuwa daga Holan da Jamus da Faransa da Italiya, har Japan da Ostiraliya.

Wanda ya san Panteka a Kaduna ko Ƙofar Ruwa a Kano zai gane yanayin nan take, sai dai wannan a kan ciyawa ake yi, sau biyu a shekara, ƙarama a watan Mayu, babba a Satumba. Tabarmin leda a ƙasa, a kai an zube kafireta da lagireto da fitilu da sitiyari da akwatin giya, wani a wanke, wani da baƙin man shekara hamsin. Mai kaya na zaune a kujerar naɗi da kofin shayi. Ka taya, ya ce albarka da nasa salon, ka yi kamar za ka tafi, ya kira ka. Har Turawan da a kanti ba sa iya neman ragin kobo, a nan bakinsu buɗewa yake yi.

Dalilin da ya sa kasuwar ta kafu ta yi ƙarfi yana cikin tarihin masana'antar motocin Birtaniya kanta. A 1968 aka haɗe Austin da Morris da MG da Triumph da Rover da Jaguar da wasu a ƙarƙashin kamfani guda, British Leyland, wanda bai yi shekara goma ba gwamnati ta karɓe shi don kada ya durƙushe. Daga nan sai rufe-rufe. An rufe masana'antar MG ta Abingdon a 1980, sunan Triumph ya ɓace daga sababbin motoci a 1984, MG Rover ta Longbridge ta rushe a 2005. Kamfanin Rootes, mai Hillman da Humber da Sunbeam da Singer ɗin maƙwabcina, ya faɗa hannun Chrysler ta Amurka a 1967, ita kuma ta sayar wa Peugeot a 1978. Duk lokacin da aka rufe masana'anta ko wani dila ya sauya kamfani, sai ɗakunan ajiya su rage cike da kayan da ba mai tambaya. Wasu mutane masu hangen nesa, ko masu son tara tarkace kawai, suka riƙa saye da arha suna jibgewa a rumbuna da garejin bayan gida. Wannan kaya, sabo fil a kwalinsa na asali amma ya shekara talatin a ajiye, shi ne zinariyar kasuwar. Shekara da shekaru Beaulieu na cin wannan gado.

To amma gado ba ya haihuwa. Rumbun da aka kwashe an kwashe shi ke nan.

A ranar da muka je, ba za a ce kasuwar ta mutu ba. Jama'a na nan, layin shiga dogo ne. Sai dai maƙwabcina, wanda ya fi shekara talatin yana zuwa, yana tafe yana nuna mini wurare da sandarsa: nan wani ɗan Holan ke zama da fitilu zalla, can wasu 'yan'uwa biyu masu kayan Rootes, can kuma wani mai agogunan mota na kamfanin Smiths. A wasu wuraren ciyawa ce kawai. A wasu kuma akwai rumfa, amma abin da ke kai ya sauya: allunan tallan mai na da, galan-galan da aka sake wa fenti, motocin wasan yara, riguna da huluna, da sababbin sifanu da mayukan goge mota irin waɗanda ake samu a kowane kanti. Kayan ado ne na wanda yake so garejinsa ya yi kama da na 1960, ba kayan wanda motarsa ke kan jak tana jiran abu guda ba.

Kowa ka tambaya zai ce maka intanet ce ta jawo, kuma da gaskiyarsa. An kafa eBay a 1995, ta iso Birtaniya a 1999, sannan Facebook ta buɗe tata kasuwar a 2016. Lissafin mai kaya ba wuya. Zuwa Beaulieu na nufin kuɗin rumfa, hayar motar kaya, mai, kwana biyu ko uku a tanti, ga ruwan saman Ingila da ba ya sallama, sannan ka ɗora ƙarfe ka sauke ƙarfe ka sake ɗora wanda bai shiga ba. A intanet kuwa, hoto huɗu ne da 'yan kalmomi, mai saye na iya fitowa daga Kanada ya biya farashin da ba wanda zai biya a fili. Saboda haka kaya masu kyau suna ƙarewa tun kafin Satumba. Abin da ke isowa fili sau da yawa shi ne wanda ya yi nauyin da ba a iya aikawa, ko wanda ba a san sunansa ba. Wannan na biyun zan dawo kansa, don a ganina nan ne zancen yake.

Akwai kuma sababbin kaya. Mai motar MG ƙirar MGB yau ba ya buƙatar taka laka. An ƙera MGB fiye da 500,000 tsakanin 1962 da 1980, kuma da yawa suna raye, don haka akwai ciniki. Tun 1988 kamfanin British Motor Heritage ke buga sabuwar gangar jikin MGB da ainihin injinan matsi na asali, kamfanin Burlen a Salisbury na ƙera kafireta ƙirar SU, kamfanonin Moss da Rimmer Bros na da kundin kaya da ke ɗauke da kusan kowane noti. Haka Mini, da Morris Minor, da Jaguar E-Type, da Land Rover. Ka yi oda da dare, jibi kaya na bakin ƙofa. Ingancin wasu sababbin kayan kam abin ƙorafi ne, musamman na roba da na wuta, shi ya sa tsofaffin makanikai har yanzu suka fi son tsohon abu na asali su gyara. Amma ga yawancin mutane sauƙi ya rinjayi inganci.

Ta ɗaya gefen kuma, maɓuɓɓugar tsofaffin kayan ta ƙafe. Da can makabartar motoci fili ce da ake jibge mota kan mota, ka shiga da sifanarka ka kwance abin da kake so ka biya a bakin ƙofa. Dokokin muhalli na farkon shekarun 2000 sun tilasta a tsiyaye mai da ruwan batir a wuri mai lasisi, a murƙushe gangar ba da jimawa ba. Sannan a 2009 zuwa 2010 gwamnati ta kawo shirin ba da ragin fam 2,000 ga wanda ya miƙa motar da ta haura shekara goma ya sayi sabuwa. Motoci kusan 400,000 aka miƙa, cikinsu har da waɗanda yau da ana layi a kansu. Masu sha'awar tsofaffin motoci har gobe ba su yafe wannan shiri ba.

Annobar korona ta hana cin kasuwar a 2020. Kafin a farfaɗo, ranar 1 ga Janairun 2021 sababbin ƙa'idojin kwastan suka fara aiki bayan ficewar Birtaniya daga Tarayyar Turai. Ɗan Beljiyam ko Bafaranshen da a da yake cika motarsa ya hau jirgin ruwa ya sauka ya baje, yanzu sai ya cika takardu, ya bayyana kowane kaya da ƙimarsa, ya biya haraji. Ka yi tunanin mutum da kwali arba'in na ƙarafa masu tsatsa, ana cewa ya rubuta sunan kowanne da farashinsa. Da yawa suka ce a kai kasuwa, suka koma taron Essen a Jamus da sauran tarukan da ke cikin nahiyar. Masu saye daga Turai su ma haraji na jiransu a hanyar komawa.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne, duk wannan na faruwa ne a daidai lokacin da harkar tsofaffin motoci ke cikin wadata. Binciken da ƙungiyar haɗin kan kulob-kulob na tsofaffin motoci, FBHVC, ta fitar a 2020 ya nuna akwai irin waɗannan ababen hawa kimanin miliyan 1.5 a rajista, harkar na juya fam biliyan 7.2 a shekara, tana ɗauke da ma'aikata sama da 34,000. Gwamnati ma ta sassauta: motar da ta cika shekara 40 ba ta biyan harajin hanya, tun 2018 ba dole ba ne a kai ta gwajin lafiya na shekara-shekara, kuma ba ta biyan fam 12.50 na kullum da ake karɓa a Landan daga motoci masu hayaƙi. Tarukan nuni kuwa sai ƙaruwa suke. Goodwood Revival, taron tseren tsofaffin motoci da aka fara a 1998, mutane na zuwa ne da shigar shekarun 1950 kamar ranar hawan salla. Babban nunin Bamingam na watan Nuwamba na cika zauruka. A Bicester, tsohon sansanin sojan sama da aka mayar cibiyar gyaran tsofaffin motoci, tikitin taron safiyar Lahadi ƙarewa yake tun kafin ranar. Har ma akwai taron da kamfanin inshora na Hagerty ya ƙirƙiro a 2014 don motocin da ba su da wani abin burgewa, irin su Austin Allegro da Morris Marina, kuma shi ma cika yake.

Wato mutane ba su daina son motocin ba. Yadda suke son su ne ya sauya. Tsarar maƙwabcina sun sayi waɗannan motoci ne lokacin suna gwanjo, don ba su da kuɗin sabuwa, kuma dole ta sa suka koyi gyara. Mai saye na yau sau da yawa ya sayi motar ne a gyare, yana da garejin ƙwararru da ke duba masa ita, abin da yake so shi ne ya fito ranar Lahadi, ya sha kofi, a ɗauki hoto. Ban ga laifinsa ba, kuɗinsa ne ke riƙe da ma'aikatan nan 34,000. Matasa kuma da suka shigo, hankalinsu na kan motocin 1980 da 1990, Golf da Peugeot 205 da na Japan, waɗanda matsalarsu ta na'ura ce da roba, ba irin abin da ake tonowa a kwalin wani tsoho ba. Ga shi yawancinsu gidan haya suke, ba gareji, ba inda za a ajiye akwatin giya na ko-ta-kwana.

Yanzu ga abin da na ce zan dawo kansa. Da rana ta take, mun gaji, muka tsaya a rumfar wani tsoho da ya kai tamanin ko ya kusa. A ƙarƙashin teburinsa akwai dogayen kwalaye uku cike da siraran ƙarafa masu sheƙi, ba lamba, ba rubutu, kamar itacen girki. Maƙwabcina ya zaro hoto zai nuna masa, tsohon ya ɗaga hannu, ya tambaye shi shekarar motar kawai da ko mai rufi ce ko mai buɗaɗɗen sama. Sai ya durƙusa da ƙyar, ya tura hannu cikin kwali na biyu, yana shafa bakin kowane ƙarfe da babban yatsa ba tare da ya duba sosai ba. Bai yi minti biyu ba ya zaro ɗaya. Lanƙwasar daidai, tsawon daidai, ramukan maƙalawa daidai. Na dama ne. Ya ce yana da na hagu a gida, zai zo da shi baɗi.

Na tsaya ina kallon hannun nan. A intanet, abin da ka san sunansa shi kaɗai za ka iya nema, kuma abin da mai shi ya san sunansa shi kaɗai zai iya sakawa. Kayan motocin Birtaniya kuwa rabinsu ba su da suna a jiki, sauran rabin kuma suna da suna fiye da ɗaya. Kamfanonin sun riƙa ɗiban kaya daga tukunya guda. Hannun ƙofar Morris Marina, motar da ake yi wa dariya, shi ne a jikin Lotus Esprit da Triumph TR7 da Range Rover mai ƙofa huɗu. Injin da ke cikin Morris Minor danginsa ne ke cikin Mini da MG Midget. Fitila guda ta kamfanin Lucas za ka same ta a motoci goma na kamfanoni daban-daban, kuma a jikin kayan Lucas akwai 'yan lambobi da ke nuna lokacin da aka ƙera su, ga wanda ya iya karantawa. Allurar kafiretar SU, wadda ba ta kai ɗan yatsa ba, tana da ɗaruruwan iri, bambancinsu wasu haruffa ne ƙanana a gindi. Hatta notuna, na kafin tsakiyar shekarun 1950 yawanci tsohon awon Birtaniya ne mai suna Whitworth, sifanar zamani ba ta kama su. Wani ɓangare na wannan sani yana cikin littattafai, amma mafi yawansa yana cikin kawunan mutane irin wannan tsoho, kuma a bakin rumfa ake ba da shi, kyauta, a matsayin gyara kan cinikin fam biyar. Nan ne za a ce maka kada ka sayi wancan, na Hillman Minx ma zai shiga kuma rabin kuɗi ne.

Shi ya sa asarar ba daidai take faɗa wa kowa ba. Mai MGB ko E-Type ko a jikinsa. Wanda abin ke ci shi ne mai Singer, mai Jowett, mai Humber, mai Standard Vanguard, motocin da suka rage 'yan ɗaruruwa ko ƙasa da haka, waɗanda ba kamfanin da zai kashe kuɗin yin ma'aunin ƙera musu ƙarfe guda. Kuma su ne suke sa taron nuni ya yi armashi. In aka bar abin a haka, filin nuni zai ci gaba da cika, amma da layin jan MGB bayan layin jan MGB.

Ba a zauna haka nan ba. Masu shirya kasuwar Beaulieu sun buɗe wani sashe ranar Lahadi inda mutum zai zo da motarsa ya buɗe but ya sayar da abin da ya tara, ba sai ya kama rumfar kwana biyu ba. Kulob-kulob na masu mota iri guda sun zama rumbuna: suna saye kayan mamatan mambobinsu, su tantance, su rubuta, wani lokaci su haɗa kuɗi a ƙera musu abu hamsin. Akwai gidauniyar da ke adana zanen injiniyoyin Rootes kusa da Banbury, wanda da shi ake iya sake ƙera abin da ya ɓace. Na'urar da ke buga abu da roba daga zanen kwamfuta ta magance matsalar ƙananan maɓallai da maƙalai. A Bicester ana koya wa matasa gyaran tsofaffin motoci a matsayin sana'a. Duk waɗannan na taimakawa, kuma na fi ba kulob-kulob ƙarfi a cikinsu, don su ne kaɗai ke yin aikin da tsohon nan ke yi, wato sa wa ƙarfe suna. Matsalarsu ɗaya: masu yin aikin su ma furfura ce.

Da shekara ta zagayo maƙwabcina ya koma shi kaɗai. Ya ce wurin tsohon wani ne a kai yana sayar da allunan talla. Makwabtan rumfa suka ce ya rasu cikin hunturu.

Bayan kamar wata biyu, da daddare, ya ƙwanƙwasa mini ƙofa riƙe da waya. Wani ya saka talla a intanet: tarin ƙarafan ado na tsofaffin motoci, ba a san na wace mota ba ne, kayan mahaifinsa ne, sai dai mai so ya zo ya ɗauka, in ba a samu mai so ba zuwa ƙarshen wata za a kai wa 'yan gwangwan. Hoto ɗaya ne, dishi-dishi, an ɗauka a cikin gareji. Maƙwabcina ya buɗe hoton da yatsu biyu har ya fashe, ya nuna mini wata 'yar lanƙwasa da ta leƙo daga ƙarƙashin tulin. Ni dai ban ga komai ba. Shi kuwa ya gane kwalayen.

Ranar Asabar muka yi tafiyar awa uku da motata, don tasa ba ta ɗaukar dogon kaya. Ɗan marigayin, mutumin kirki, ya taya mu lodi, ya ce ya riga ya cika manyan kwandunan shara biyu da abin da bai san kansa ba. A gida muka zazzage kwalayen a kan ciyawa. Na hagun yana ciki, an naɗe shi da tsohuwar jarida an ɗaure da zare, shi kaɗai a cikin tulin aka yi wa haka.

Sauran guda sittin da wani abu suna garejin maƙwabcina, a jingine da bango. Ya gane tara. Ya sayo ƙananan takardu masu igiya yana rataya wa waɗanda ya gane, sauran kuma yana ɗaukar hotonsu ɗaya-ɗaya yana kai wa taron kulob na wata-wata. Shekararsa 78.